Sarkin Hanji da Kokwambarsa

Duk wanda ya ce ya san garin Skelbeck amma bai san Dakta Leopold Garside-Finch ba, to tashar jirgin ƙasa kawai ya sani. Likitan dabbobi ne, kuma ba irin waɗannan masu takalmin roba da ke wuni a bayan saniya ba. A'a, Allah ya sawwaƙe. Shi na karnuka ne da kyanwoyi, a nan ɗin ma bai yarda ya tsaya a kunne ko farce ba. Ciki ya shige. Daga maƙogwaro har ƙarshen hanji duk ƙasarsa ce, shi ya sa 'yan mashayar bakin gada suka naɗa shi Sarkin Hanji. Da labari ya kai kunnensa ko kaɗan bai ji haushi ba. Cewa ya yi ai sun ma makara.

Leo Garside aka raɗa masa, ɗan wani mahauci mai sayar da tumbi a kasuwar Laraba. Da ya girma ya ga sunan ya matse shi, sai ya ja Leo ya koma Leopold, ya ɗauko sunan gidan su mahaifiyarsa ya liƙa a baya. Ranar da aka yarje wa likitocin dabbobi su riƙa sa Dakta a gaban sunansu, kafin a tashi aiki ya sauya allon ƙofa. Matarsa Rosalind ta ce ko a gida in ta kira "Leo, ga shayi," sai shayin ya huce bai waiwayo ba.

Abu biyu yake tinƙaho da su a duniya, kuma shi kansa bai san wanda ya fi so ba.

Na farko na'urar leƙa ciki. Wani dogon baƙin tiyo ne mai ido da fitila a baki. A sa dabba barci, a zura mata shi ta baki, hanji ya fito a allon talabijin. Ta cikin tiyon ake tura wani ɗan hantsaki ya gutsuro bangon hanjin, ɗan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, a aika wa masu duba nama a madubin awo, mai girmama ƙananan abubuwa, su faɗi abin da ke damun dabbar. Gogan naka ba ya barin kowa ya taɓa tiyon nan. In zai ɗaga shi har wani numfashi yake ja, ya lumshe ido.

Na biyu kokwamba. Yana da ɗakin gilashi na shuka a bayan gida, kuma duk ƙarshen bazara, a gasar kayan lambu da ake yi a zauren coci, shi ke tafiya da kofin. Dokar gasar ta zauna masa a jini. Alƙalai ba su damu da ɗanɗano ba, ba sa ma yankawa. Abin da suke so a jera musu kaya tsayi ɗaya, kauri ɗaya, miƙaƙƙu, ba tabo. Wadda ta karkace ko ta yi ƙari a gefe, bola ce makomarta tun kafin a bar gida.

To, sai Allah ya haɗa masa masoyan nasa biyu a waje ɗaya. Shi gutsuren hanjin nan, da an cire shi daga bakin hantsaki nannaɗewa yake yi, in ya nannaɗe kuma masu awo ba sa gane sama da ƙasa. Don haka akwai wata tsohuwar dabara: a yanka kokwamba siriri, a jiƙa ta a sifirit, barasar asibiti, na 'yan kwanaki, a ɗauki gutsuren da tsinin allura a kwantar a kai, nan take a jefa cikin ruwan fomalin mai hana nama lalacewa. A ɗakin awo da naman da kokwambar tare ake yanka su. Dabarar ta girme shi, tana nan a littattafai, wasu ma sun bar ta sun koma ɗan soso. Amma da yake da kokwambar gonarsa yake yi, sai ya raɗa wa abin Tsarin Garside-Finch.

"Kowane ɗan koyo zai iya cizon hanji," haka yake gaya wa masu karnuka, su kuwa suna ta duban agogo. "Shimfiɗawar ita ce ilimi. A ƙasar nan masu hannun da ya isa ba su da yawa. Ba na son in ƙirga su, don kada in tsaya a ɗaya a ce ina yabon kaina."

Gaskiya dai a faɗe ta, aikinsa na yau da kullum ba laifi. Layi yana da tsawo, ba lokacin iyayi, duk abin da hantsaki ya ciro sai ya kwantar ya jefa cikin kwalba, sakamako ya dawo daidai. Matsalar bawan Allahn nan tana farawa ne ranar da ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa.

Ranar kuwa ta zo da Madam Hetty Raistrick.

Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, 'yarta guda tana can wata ƙasa mai nisa. Abin da ya rage mata mai numfashi a gidan shi ne Tobias, wani jan muzuru da marigayin ya tsinto a bakin kogi. Da shi take hira, da shi take faɗa, saboda shi take tashi da safe. Tun farkon bazara Tobias ke amai, ya rame har ana ƙirga ƙashin bayansa. Ciwo biyu ake zargi. Ko kumburin hanji ne, wanda sauyin abinci da 'yan ƙwayoyi ke kwantarwa, ko ciwon daji ne, wanda maganinsa daban kuma mai wahala. Ba abin da zai raba gardama sai gutsuren hanji. Ga shi zuciyar muzurun ta tsufa. Likitan zuciyar da ya duba shi ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: za a iya sa shi barci sau ɗaya, a kan hatsari, na biyu kuwa ba zai farka ba.

Madam Hetty ta zauna gaban Dakta, jakarta a cinya, Tobias cikin kwando a gefenta, tsoro ya cika ta.

"Likita, ni dai a gaya mini wanne ne. In na jinya ne in yi jinya. In kuma ba na jinya ba ne, kada in yi ta ɗura masa magani yana wahala a banza."

Dakta ya dube ta da tausayi, amma ba ita yake gani ba. Kalandar bango yake gani a bayan kanta. Asabar ta sama ƙungiyar likitocin dabbobi ta gundumar za ta yi taronta, babbar baƙuwa kuma ita ce Farfesa Morag Kinnaird, wata 'yar Sikotlan da ta yi furfura a kan madubin awo, wadda in ta ce nama kaza ne ba mai sake tambaya. Shekara da shekaru yana son matar nan ta ambaci sunansa. Sai ga dama ta shigo da kanta cikin kwando tana kuka.

"Madam Raistrick," in ji shi, yana haɗa yatsu, "kin zo inda ya dace. Wannan naman ba ɗakin awon da na saba zan kai ba. Hannun Farfesa da kanta zai je. Muzurunki zai shiga tarihi."

Ita ba tarihi ta zo nema ba, amma ta yi godiya.

Safiyar Litinin aka yi aikin. Tiyo ya shiga, hanji ya fito a allo, Dakta ya kama aiki a natse. Ya cizo nan, ya cizo can, har ya kai wani wuri da bangon ya yi kauri ya yi fari-fari, ya danna hantsaki sosai ya ciro manya masu zurfi. A tsakiyar aiki zuciyar Tobias ta yi tuntuɓe, sai da aka yi ta fama kafin ta daidaita. Aka zare tiyo da sauri. Abin da aka samu an samu ke nan, ba ƙari har abada.

Gogan naka ya ɗauki farantin ya shige ɗan ɗakin gefe, ya murɗa makulli. Tsarin Garside-Finch ba a yin sa gaban jama'a.

Ya fito da yankakkiyar kokwambar da ya tanada, daga irin wadda ta ci kofin bara. Ya kunna fitila. Ya sunkuya ya dubi gutsattsarin naman, sai ransa ya ɓaci. Kai, wannan wane irin tarkace ne? Wasu ƙanana, sirara, sumul. Wasu kuwa, waɗanda ya ciro daga wurin nan mai kauri, ƙatti ne marasa fasali, gefensu a yayyage, wani har da ɗan ƙullutu a gindi. Ya san abin da littafi ya ce. Ya sani sarai cewa munanan nan masu zurfi su ne ke ɗauke da labarin ciwo. Shi ma ya sha faɗa wa wasu. Amma littafi bai taɓa tsayawa gaban alƙali a zauren coci ba. A ce Farfesa Kinnaird ta buɗe kwalba, karo na farko da za ta ga aikin hannunsa, ta tarar da wannan hargitsi? Ina!

Ya sa tsinin allura ya ture mummunan farko gefe. Ya ture na biyu, ya yi ta turewa. Da ya ga sauran sun fara kama da juna sai ya ji sanyi a ransa, ya share duk na gefen da auduga ya jefa a bokitin da ake ƙonawa.

Waɗanda suka tsira ma ba su tsira ba. Wannan ya ɗan fi ɗan'uwansa tsawo, aska ta rage shi. Wancan ya ɗaga kai, ya sa bayan allura ya danne shi har ya kwanta ɗam. Ya jera su sahu-sahu, tazara ɗaya. Ya ja da baya ya karkata kai. Ya dawo ya matsar da na ƙarshe kaɗan. Ya ɗauko waya ya yi hoto, hasken bai yi masa ba, ya jawo fitilar kusa ya sake. Naman da aka ce kada ya sha iska ya zauna ƙarƙashin fitila mai zafi yana bushewa, mai shi yana neman kusurwar da ta fi kyau. Sai da ya gamsu sannan ya tsoma su cikin fomalin, a hankali, har da ɗan rusunawa.

A waje Madam Hetty tana zaune a benci tun safe, ko ruwa ba ta sha ba. Da yamma aka miƙo mata Tobias a nannaɗe cikin bargo, idonsa da ƙyar yake buɗuwa. Ta rungume shi ta yi kuka, ta ce wa Dakta Allah ya saka masa da alheri. Ya karɓi addu'ar ba tare da gardama ba.

Ranar Alhamis waya ta yi ƙara a asibiti, aka ce Farfesa Kinnaird ce da kanta, tana son magana da shi. Zuciyarsa ta yi tsalle. Ya miƙa hannu, sai ya fasa. Ya ce a gaya mata yana cikin aiki. Ta sake kira washegari, ya ce a gaya mata ya fita.

"Me ya sa ba za ka ɗauka ba, kai kuwa?" in ji Rosalind da suna cin abinci. "Wataƙila wani abu ne."

"Wani abu ne mana. Mace kamar wannan ba ta kiran mutum sau biyu a kan ƙaramin abu. Amma in ta faɗa mini a waya, wa ya ji? Ni kaɗai. Bari ta riƙe shi a bakinta zuwa Asabar, ta faɗa inda akwai kunnuwa."

Rosalind ta ci gaba da yanka dankalinta.

Madam Hetty ma ta leƙo a ranar, cikin yayyafi, ta ce Tobias ya ƙi cin komai sai ɗan romon kifi, ko an ji wani labari? Dakta ya dafa kafaɗarta. Ya ce mata ta ɗauko hularta ta zuwa coci, gobe shi da kansa zai kai ta taron manyan likitoci, ta ji amsarta daga bakin Farfesa. Ya ga abin zai ƙayatar: ga gwani, ga aikin gwani, ga kuma tsohuwa mai godiya a sahun gaba. Ita kuwa baiwar Allah ta ɗauka alheri ne ya sa ake son a gaya mata a bainar jama'a. Ta koma gida da murna.

Asabar da rana zauren otal ya cika. An sha shayi, an ci biskit, an yi gulmar waɗanda ba su zo ba. Sarkin Hanji ya shigo da kwat mai aljihun agogo, fure a ƙirji, ya zaunar da Madam Hetty a gefensa a sahun farko, ya gaisa da mutane da kai kawai.

Farfesa Kinnaird ta hau mumbari. Gajeriya ce, ba ta murmushi sai da dalili. Ta ce yau za ta nuna musu irin abubuwan da suke aiko mata, ba kuma za ta kama sunan kowa ba. Hotuna suka fara wucewa a bango: wannan ya yi kyau, wannan an matse shi, wannan an bar shi ya nannaɗe. Dakta yana girgiza kai yana tsaki a hankali, yana tausaya wa ƙananan likitoci.

Sai ga nasa. Sahu-sahu, tsayi ɗaya, tazara ɗaya, a kan shimfiɗar kokwamba. Zaure ya ɗan yi guna-guni.

"Wannan makon ya zo mini," in ji Farfesa. "Tun da nake aikin nan ban taɓa ganin an jera nama da kyau haka ba. Sai da na kira abokan aikina suka zo suka gani. Mai shi dai ba zan faɗi sunansa ba, domin..."

Ai ba ta ƙarasa ba. Gogan naka ya riga ya miƙe, ya juyo ya fuskanci jama'a, hannu a ƙirji.

"Farfesa, na gode da wannan kara, amma ba na ɓoye wa 'yan'uwana komai. Nawa ne. Jama'a, abin da kuke gani shi ne Tsarin Garside-Finch. Ba dare ɗaya aka kai nan ba. Sirrin shi ne zaɓe. Ba duk abin da hantsaki ya ciro ne ya cancanci idon Farfesa ba. Mai ƙari, mai yage, mai kauri, duk sai ka taurare zuciya ka zubar. Na zubar da fiye da rabi kafin in sami waɗannan. Kokwambar kuma, tunda na ga wasunku za su tambaya, daga gonata take."

Ba wanda ya tafa. Wani a baya ya yi tari. Farfesa ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Dakta, don Allah zauna. Na neme ka a waya. Mu yi magana bayan taro."

"Haba Farfesa, a faɗa a nan! Ga ma mai muzurun na kawo, Madam Raistrick, kwana da kwanaki ba ta yi barci ba. Madam, tashi su gan ki."

Tsohuwar ta miƙe tana dafa kujera, hularta ta ɗan karkace. Ba ta dubi jama'a ba, Farfesa ta duba.

"'Yar nan, ni ban san kan waɗannan hotuna ba. Ki gaya mini kawai. Kumburi ne, ko ɗayan?"

Farfesa Kinnaird ta dubi tsohuwar. An sha cewa matar nan ba ta da tausayi, amma a ranar kowa ya ga yadda maganar ta yi mata nauyi. Ta sauko daga mumbari ta zo gaban tsohuwar.

"Madam, ki yi haƙuri, ban sani ba. Ba kuma wanda zai iya sani daga wannan. Abin da ya iso mini saman fatar hanjin ne kawai, shi ma an danne shi ya mutsuke, ya bushe kafin ya shiga ruwa. Ciwon a can ƙasa yake zama, a cikin masu kaurin nan da aka ce an zubar. Sai dai a sake ɗaukowa."

"Ba za a iya sake sa shi barci ba," in ji Madam Hetty. "An ce sau ɗaya ne."



Da wani mutum ne, da tuni ya nemi ƙasa ta tsage ya shige. Amma Dakta Leopold Garside-Finch ba wani mutum ba ne. Yana nan tsaye, furensa a ƙirji, kunnuwansa sun yi ja, yana laluben abin da zai ɗauka ya fita da shi. Ya gyara murya.

"To amma Farfesa, a yi adalci. Ba a ce komai bai fito a madubin ba. Shimfiɗar fa? Ai wani abu ya fito."

Ta juyo ta dube shi daga fure har takalmi.

"Ya fito, Dakta. Kokwambar ta fito tar. Na duba ta ciki da waje, ba kumburi, ba daji."

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta, don ya ga fuskar tsohuwar. Madam Hetty ta gyara hularta. Ta ɓalla maɓallan kwat ɗinta ɗaya bayan ɗaya, ta rataya jaka. Dakta ya matso yana cewa zai mayar da ita gida a mota. Ta ce ya bari, bas ma yana kaiwa.

"To, mun gode Allah, Likita," in ji ta. "Bari in je in gaya wa Tobias kokwambarka lafiyarta ƙalau."